Saƙo Uku na Ƙarshe

Gidan yana hawa na biyu a wani dogon bene da ke kallon tashar mota. Mutum huɗu ne ke kwana a cikinsa, sai na biyar da ba ya kwana amma bai taɓa makarar abincin rana ba. Akwai Baba, mai rubuta manhaja, wanda ofishinsa tebur ne a lungun falo, tsakanin firji da taga. Akwai Mama, ma'aikaciyar jinya a asibitin yara. Akwai Kaka, mahaifiyar Baba, mai rediyo ɗaya da tabarau biyu da kullum ba ta san inda suke ba. Sai yarinyar gidan, 'yar aji shida, wadda kowa ke kira Lauya, domin tun tana ƙarama ba a gaya mata abu ta ce to sai ta ji dalili. Na biyar ɗin Kawu ne, ƙanin Mama, mai koya wa mutane tuƙin mota.

Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba, kuma suna son juna daidai gwargwado. Abin da suka rasa shi ne maganar ƙarshe. A gidan nan ba a gama zance, sai dai barci ya kwashe masu yin sa ɗaya bayan ɗaya. Labulen falo ya koɗe ana shawarar wanda za a sa a madadinsa. An taɓa yi musu kyautar kyanwa, ta girma, ta haihu, ta bar gidan, ba a tsayar da sunan da za a kira ta ba.

Ita kuwa Lauya, ban da wannan, ta rasa ɗaki nata na kanta. A ɗakin Kaka take kwana, a ƙaramin gado gefen taga, cikin warin man zafi da ƙarar rediyo. Kaka ba sauraron rediyo kawai take yi ba, amsa masa take yi, wani lokaci har ta ƙaryata mai karanta labarai. Da safe kafin Lauya ta tafi makaranta sai ta nemo tabarau, ta karanta abin da ke jikin kwalaben magani, ta zira zare a allura ta soke a jikin matashi, saboda Kaka ba ta wuni ba ta ɗinka wani abu ba. Lauya tana kiran waɗannan ayyuka kuɗin haya.

Jikin ɗakin Kaka akwai wani ƙaramin ɗaki na ajiye tarkace, bango ɗaya ya raba su. Lauya ta daɗe tana kawo hujjoji a kansa, har aka gaji aka ce ta ɗauka. Ita da kanta ta fitar da kwalaye, da fankar da ba ta juyawa, da tsofaffin tayoyin Kawu, ta share, ta goge. Amma bangon duk ya yi baƙi da danshi. Mama ta leƙa, ta shaƙi iskar, ta ce ita wuni take tana jin tarin 'ya'yan mutane, ba za ta dawo gida ta ji na tata ba. Ba mai kwana a ciki sai an kankare an yi fenti.

Aka kira mai fenti. Dattijo ne mara yawan magana, da ɗigon launi iri-iri a takalminsa. Ya duba bangon, ya ƙwanƙwasa, ya tambayi wane launi ake so. Lauya ta ce rawaya. Ba ta rufe baki ba Mama ta ce rawaya tana nuna datti, ruwan hoda ya fi dacewa da yarinya. Kawu, da cokali a hannu, ya ce ruwan toka, domin shi ne ba ya nuna shatin taya. Sai da kowa ya juyo ya dube shi sannan ya ƙara da cewa misali yake bayarwa. Kaka ta ce shuɗi, sannan ta ce a'a, kore, sannan ta tambayi mai fentin ko ya san wani mai fenti da ya yi musu aiki tun Baba yana rarrafe. Dattijon ya sha ruwa kofi biyu a tsaye. Da ya ga ana shirin kawo masa na uku, ya ce in sun daidaita su turo masa ta waya.

Suka tura kuwa, kowa daga wayarsa, safe da yamma. Ba a jima ba ya kira Baba, murya ƙasa-ƙasa, ya roƙe shi ya raba shi da iyalinsa. Ya ce wayarsa ta cika, matarsa ta fara tambayar wace ce wannan tsohuwa da ke gaishe shi tun da asuba. Ya kuma sanar da shi cewa ƙarshen wata zai tafi wani gari yin babban aiki, ba zai dawo ba sai bayan watanni. Mama ba ta yarda da hannun wani mai fenti ba sai nasa. Da Kawu ya ji haka sai ya ce ai ba kyau ɗaki ya zauna ba kowa, in dattijon ya tafi ba a yi ba, shi zai taimaka ya mai da tayoyinsa kafin ya dawo. Mama ta ce hakan ma ya yi. Lauya ta san tayoyin Kawu: in suka shiga wuri, sai dai wurin ya tashi.

A ranar ne Baba ya ce a bar masa. Aikinsa ke nan a kamfanin motocin haya da yake yi wa aiki: yana rubuta manhajar da ba ta zuwa tambayar kowa komai, zama take yi tana jira, saƙonni suna kwararo mata daga motoci kamar ruwa a bututu, duk wanda ya iso ta san yadda za ta yi da shi. Ya zauna ya haɗa wa gidansa irinta. Daga yau, in ji shi, ba mai sake damun mai fenti. Kowa ya tura launinsa cikin manhajar, da rubutu ko da murya, ita kuma za ta riƙe uku na ƙarshe kawai ta miƙa masa, ya zaɓi wanda ya samu a shago.

Lauya ta jawo kujera kusa da teburinsa ta ce ba ta gane ba. Baba mutum ne da ba ya gajiya da bayani. Ya juyo da allon kwamfutar wajenta, ya nuna mata layi uku da ba komai a ciki.

"Ki ɗauka benci ne na mutum uku a ƙofar likita," in ji shi. "Wanda ya zo sai ya zauna a wannan bakin, ya matsa na kusa da shi. In sun cika, wani ya sake zuwa, na can ɗaya bakin ya faɗo."

"Ya faɗa ina?"

"Ba ko'ina. Ya tafi ke nan. Ba ta sake tuna shi."

Lauya ta ce wannan zalunci ne, a kowane asibiti wanda ya riga zuwa shi ake fara gani, a tambayi Mama. Baba ya yarda cewa akwai irin wannan ma, wadda ke ɗaukar uku na farko ta toshe kunne, kuma tana da amfaninta. Amma a gidan nan, in ji shi, maganar farko gyaran murya ce kawai. Duk da haka Lauya ta ɗauko tsohuwar wayar Mama mai tsagaggen gilashi, wadda aka bar mata, ta riga kowa tura rawaya. Ta ga kalmar ta zauna a kan benci ita kaɗai, ta tafi makaranta da farin ciki. Da ta dawo babu ita babu alamarta.

Kwanaki suka wuce ana ta turawa, benci yana cika yana zubarwa. Sai mai fenti ya kira, wannan karon don ya ji ko lafiya, tunda ko saƙo ɗaya bai samu ba. Baba ya fara zargin layin waya, sannan ya zargi wayar dattijon. Ya shafe yamma guda yana duban allo yana sosa ƙeya. Can sai Lauya ta ji yana dariya shi kaɗai, irin dariyar mutumin da ya gama neman hularsa ya same ta a kansa.

Ya kira ta ya tambaye ta: waɗannan ukun da ke kan benci yanzu, su ne na ƙarshe? Ta ce su ne. Ya ce in Kaka ta turo wani bayan an ci abinci fa? Ta ce to sai na ƙarshen su canza. Ya ce to manhajar ma abin da take tunani ke nan. Muddin ƙofa a buɗe take, wani na iya shigowa, don haka ba ta da ikon cewa ga na ƙarshe. Sai ta riƙe su ta yi gum, ko shekara za a yi. Dole wani ya gaya mata an gama. A wurin aiki bai taɓa damuwa da wannan ba, domin mota tana isa tasha direba ya kashe ta, saƙonni su tsaya da kansu. Ya manta cewa gidansa ba shi da tasha.

Ya ƙara madanni ɗaya, ja, babba, an rubuta "An gama" a kansa, wanda zai fito a waya ɗaya tak. Aka zauna shawarar wayar wa. Lauya ta ce ɗakinta ne. Mama ta ce in aka ba ta, za ta danna kafin kowa ya buɗe baki, Lauya kuma ba ta musa ba. Kawu ya ce shi ba shi da wani buri a maganar, a ba shi amana. Baba kuwa ya dubi mahaifiyarsa. Tun da yake bai taɓa katse mata magana ba, bai ga yadda zai sa na'ura ta yi abin da shi bai iya ba. Ya karɓi wayarta ya sa mata, ya ƙara girmansa har ya kusa cika fuskar wayar.

"Inna, in kin gamsu, nan za ki taɓa. Sau ɗaya. Amma in kin taɓa ba a dawowa."

Kaka ta ce ai wannan ba wuya, da yamma ma za ta danna.

Ba ta danna ba. Lauya ta koyi dabara: tana dawowa daga makaranta sai ta tura rawaya sau uku a jere, benci ya cika da ita, ta ruga ɗakin Kaka ta ce yanzu, yanzu. Kaka sai ta goge hannu a hankali. Ta sa a nemo tabarau. A kawo, ta ce ba wannan ba, ɗayan. Ta riƙe wayar nesa da fuska, ta matso da ita, ta ɗaga yatsa, sannan ta ce bari dai ta faɗi abu ɗaya. Sai ta kama saƙon murya: ta gai da mai fenti, ta gai da iyalinsa, ta tambayi ƙafarsa da ta ga yana ɗingisawa, ta ja masa kunne a kan tsani, can a ƙarshe ta ce ruwan goro. Ta ajiye wayar ta ce tunda yanzu magana ta canza, sai an kwana a kanta.

Da sunayen launuka suka ƙare mata sai ta shiga tarihi. Ta nemi a yi launin wani kwano da aka ara ba a dawo da shi ba. Ta nemi launin keken marigayi mijinta, kafin ya sake masa fenti, ba bayan ba. Mama, da ta ga kowa na turawa, ita ma ba ta bari hodarta ta faɗo ba. Daga asibiti take turowa lokacin hutu. Kawu kuma yana tura tokarsa daga kujerar gefen direba, ɗalibinsa yana neman hawa kan dakalin mutane.

Lauya ta fara zargin haɗin baki. Ta lura Kawu ya kawo wa Kaka sabon batirin rediyo ba a aike shi ba. Ta tare shi a bakin matakala ta yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya dafa ƙirji ya ce shi mugun nufinsa a fili yake, kowa ya san shi, ba ya bukatar ya sayi tsohuwa da batir. Ya ce shi kansa mamaki take ba shi, da zai samu ɗalibi mai taka birki kamar Kaka da ya huta. Yana gama faɗa ya wuce ɗakin tarkacen ya shiga auna shi da ƙafa.

Ran da abin ya zo wuya ba makaranta. Mai fenti ya kira da safe ya ce in bai ji komai ba kafin masu shagon fenti su rufe yau, to sai ya dawo daga tafiya. Lauya ta leƙa ta taga ta hango motar Kawu a ƙasa, da tayoyi ɗaure a samanta. Ta juyo ke nan Kaka ta ce ta miƙo mata koren ɗankwalinta, tana nuna wanda ke rataye a ƙofa. Lauya ta dubi ɗankwalin. Shuɗi ne, shuɗi sosai. Ta miƙa mata, Kaka ta ɗaura ta ce kore yana yi mata kyau.

Bayan abincin rana, kowa yana falo, Lauya ta fito da tawul biyu daga banɗaki, ta shimfiɗa su a kan tebur gaban Kaka. Ta tsaya ta goya hannu a baya, yadda ta ga ana yi.

"Kaka, wanne ne shuɗi a nan?"

"Ke ja'ira, ni za ki yi wa jarrabawa?"

"Tambaya ɗaya ce. Wanne ne?"

Kaka ta sa tabarau. Ta duba wannan, ta duba wancan, ta shafa su da tafin hannu kamar launi abu ne da ake ji. Sannan ta ɗora yatsa a kan koren. Kawu ya fara dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya mai da ita tari.

Lauya ta riga ta shirya jawabinta, kuma ta yi shi tsaf. Ta ce ga wadda ba ta rarrabe shuɗi da kore, amma ta fi kowa tura launi. Ta ce wanda bai ga bambanci ba, ba ruwansa da wanda aka shafa. Saboda haka ba launi ne ya hana ta dannawa ba, wani abu ne daban, kuma gidan nan yana da haƙƙin ya ji ko mene ne.

Falon ya yi shirun da Lauya ba ta taɓa ji ba a cikinsa, har ana jin firji yana aiki. Tsohuwar ta cire tabarau ta ajiye a kan tawul, ta dafa gwiwa ta tashi, ta shiga ɗakinta ta turo ƙofa. Aka jira rediyo ya kama, bai kama ba. Mama ta yi wa Lauya kallon da take yi wa iyayen da suka kawo yaro a makare. Baba ya ninke tawul ɗin biyu a hankali, ya ɗauki tabarau ya miƙa wa 'yarsa.

"Kin ci shari'a, Lauya," in ji shi. "Sai ki shiga ki ga abin da kika ci."

Ta tarar da Kaka zaune a bakin gado, ta juya wajen hasken taga, allura a hannun hagu, zare a na dama. Tana lasar bakin zaren, ta kai, ya wuce ta gefe, ta sake lasa. Allurar da Lauya ta zira mata da safe tana nan soke a matashi. Wannan wata ce daban. A kan ƙaramin teburin gefen gado kwalaben magani suna jere, kuma sai yanzu Lauya ta lura an ɗaura wa kowace zare a wuya: wannan ƙulli ɗaya, wannan biyu, wannan uku. A jikin bango, daidai kan gado, an kafa ƙusa sabuwa, ɗaya tabarau ɗin yana rataye a kai da igiya.

"Maganin na iya," in ji Kaka, ba ta ɗago ba. "Tabarau ma na sama masa wuri. Allurar nan ce ta ƙi. Na ce in na iya ta sai in danna, kowa ya huta. Kwana kaɗan nake nema, ke kuma kin ɗauko tawul."

Lauya ta zauna a nata gadon. Ta dubi ƙusar, ta dubi bangon da aka kafa ta. Can ta tashi ta ɗauko babban mataji, ta danƙa wa Kaka, ta ce ta ƙirga goma sannan ta buga bangon da shi. Ta fita da gudu ta shiga ɗakin da ba kowa, ta tsaya a tsakiya. Bugun ya zo ƙarara, har ɓawon tsohon fenti ya zubo. Ta dawo tana haki, Kaka ta ce ta daɗe, da wani abu ne da tuni ya faru.

Suka zauna ciniki. Lauya ta ce allura da safe tana nan yadda take, da kwalabe, ko da ƙulli ko babu. Kaka ta ce bugu kuma duk lokacin da ta ga dama. Lauya ta ce ban da don a zo a taya ta ƙaryata rediyo. Kaka ta ce in ya yi babbar ƙarya fa? Aka daidaita a kan babba kawai, kuma Kaka ce mai auna girmanta. Lauya ta san an cuce ta a wannan sharaɗi, ta bari.

Kaka ta ajiye allurar ba zare, ta ɗauki waya. Sai a lokacin Lauya ta tuna: tun safe tana harkar tawul, ba ta tura komai ba. Ta san abin da ke kan benci, keken marigayi a can bakin, sai tokar Kawu, sai hodar Mama. Ta zabura za ta ɗauko wayarta, Kaka ta ce ta zauna. Ta kai wayar baki ta yi saƙo mafi gajarta a rayuwarta, ko gaisuwa babu.

"Rawaya. Ita ta faɗa tun ranar da ka zo."

Ta ɗora yatsa a kan jan madannin ta danna, da ƙarfi, kamar mai kashe kyankyaso. Daga falo suka ji Baba ya ce, a hankali, ya tafi. Lauya ta fita ta duba allon: keke ya faɗo, saura toka, hoda, rawaya. Ta gwada tura wata rawayar don ta ture sauran, manhajar ba ta ko motsa ba. Baba ya ce kada ta damu, an rufe, amma dattijon zai zaɓi ɗaya ne, kuma mai hankali zai ɗauki ta ƙarshe. Kawu ya tsaya a taga yana duban tayoyinsa, ya ce an yi masa fashi da rana tsaka.

Abin da Baba bai tuna ba shi ne, maganar zaɓar ɗaya a falo ya faɗe ta, ga iyalinsa. Bai rubuta ta a manhajar ba, bai kuma gaya wa mai fenti ba. Abin da ya isa wayar dattijon launi uku ne, ba ƙari.

Ya zo ya kankare bangon ya bar shi ya sha iska, ya dawo ranar da Lauya ke makaranta, Mama ke asibiti. Baba yana lungunsa, ya ba ɗakin baya, da abin sauraro a kunne, ana taron aiki. Mai fenti ya zo ya tsaya a kansa da gwangwani uku ya tambaye shi wani abu. Baba ya ɗaga masa babban yatsa bai juyo ba. Kaka ce ta ja kujera bakin ƙofa ta duba aikin daga farko har ƙarshe, tana cewa madalla.

Da Lauya ta dawo ta tsaya a ƙofar ɗakinta da jaka a baya. Bangon hagu ruwan toka ne. Na taga ruwan hoda. Na dama, wanda ya raba ta da Kaka, rawaya ce mai haske kamar an kunna fitila. Na huɗu, mai ƙofa, launinsa ba shi da suna: dattijon ya ga bango huɗu, launi uku, sai ya juye ragowar gwangwanayen wuri ɗaya ya gauraya.

Baba ya cire abin kunne ya zo ya gani. Ya tambayi mai fenti, cikin ladabi, ko bai yi mamakin launi uku a ɗaki ɗaya ba. Dattijon yana wanke burushi ya ce, Yallaɓai, bayan abin da ya gani a gidan nan, da ya ga uku kawai sai ya ce lallai mutanen nan sun yi ƙoƙari. Ya ƙara da cewa Inna ce ta ce a sa rawayar a wancan bangon, ta ce ko ba ta gani ta san tana bayanta. Ya ɗaure tsaninsa ya yi sallama, da saurin da bai dace da mai ciwon ƙafa ba.

Da yamma gidan ya taru a ƙofar ɗakin. Mama ta ce hodar ta fito, amma ba za a bar wancan na huɗun haka ba. Kawu ya ce tunda bango ɗaya nasa ne, ko taya biyu a jingina masa a jiki. Kaka ta ce na huɗun ya fi duka kyau, shi ne ma ya yi kama da keken. Baba, da kunya ta ishe shi, ya ce abu ne mai sauƙi, zai buɗe sabon benci yanzu, kowa ya turo yadda za a gyara, kafin dattijon ya dawo an daidaita.

"A'a, Baba," in ji Lauya. "An gama."

Suka dube ta. Aka buɗe taga don warin ya fita, aka ce sai ya bushe za a shigo da gado, kuma ba wanda ya ƙara komai a kai.

Safiyar farko da ta tashi a ɗakinta, ba ta gama miƙa ba ta ji mataji a bangon rawaya. Ta je ta tarar rediyo ne ya yi ƙarya, matsakaiciya. Ta saurari ƙarar, ta yanke hukunci, sannan ta ɗauki allura ta zira zaren ta soke a matashi. Abin da Lauya ta gane shi ne, ba a sanin na ƙarshe sai wani ya yarda ya ce an gama, kuma Kaka ta ce an gama ne tun ba ta iya zira allurar ba.